Abin da Na Yi wa Fedar Baba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne Baba, kuma ya karɓi abinsa, yau kwana arba'in ke nan. Har yanzu idan aka idar da sallar la'asar sai in ga na sauko daga bene na tsaya a ƙofar falonsa, sannan in tuna babu mai jirana.

Kwana uku aka yi ana zaman azza, kamar yadda ake karɓar gaisuwar mutuwa a nan Jidda. Maza na jere a kan kujeru a lungunmu na Karantina tsakanin magariba da isha'i, ana zagaya su da gahawa, mu mata muna ciki. Ni ban iya kukan taro ba, sai na kasa kunne. Kowa da irin Baban da ya zo yi wa addu'a.

Bayamanen da ke gasa burodin tamis a bakin titi ya ce wa Yayana, Baba ne ke gyara masa fankar tanderu, kuma bai taɓa gyarawa ya tafi ba tare da ya yi masa faɗa kan yadda yake naɗa waya ba. Wasu tsofaffi mata uku, cikin waɗanda suka zo umara suka zauna, sun shigo suna ta kuka. Ashe duk wadda ta kwanta ciwo a cikinsu, tana tsoron zuwa asibiti don ba ta da iƙama, takardar izinin zama, Baba ne ke ɗaukar ta a tsohuwar motarsa ya kai ta wurin wani likita da ya sani, ya tsaya ya yi mata tafinta. Mu 'ya'yansa sai ranar muka ji. Wani tsohon abokin aikinsa ya zo yana dogara sanda, ya zauna har aka kira isha'i. Da zai tafi ya riƙe hannun Yaya ya ce, "Jirgin da babanku ya sa wa hannu, ni zan sa uwata a ciki in koma gida in yi barci."

Gwaggo, yayar Baba, ita kam ba ta sake hali don an yi mutuwa ba. Ta share hawaye da bakin gyalenta ta ce, "Allah ya jiƙan ƙanena. Mutum ne har da rabi, in dai ka cire masa haukan nan na tsuntsaye."

Duk sun faɗi gaskiya. Amma akwai abin da na yi wa Baba wanda babu ko ɗaya a cikinsu da ya sani, kuma shi ya hana ni sakat har na ɗauki biro.

A nan Jidda aka haifi Baba. Mahaifinsa ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa don aikin hajji, ya yi, ya zauna. Baba ya tashi kusa da tsohon filin jirgi, tun filin yana cikin gari, ya koyi kanikanci, ya yi shekara talatin da wani abu yana kwance injin jirgin sama yana ɗaurawa. Mutum ne mai tsantseni har ya yi yawa. Ko kwalbar gas aka kawo gida sai ya shafa wa bakinta ruwan sabulu ya tsaya yana kallo. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne ma'aunin da ba ya faɗin gaskiya. Na sha jin yana cewa, "Gara allurar ma'auni ta mutu in san ta mutu. Wadda ke gaya mini lafiya lau alhali ba lafiya, ita ce mai kashe mutane." Ya taɓa yin wata guda ba ya magana da wani shugabansa a wurin aiki saboda an ce ya sa hannu kan gyaran da bai gani da idonsa ba.

A ƙarshen shekarun saba'in aka tura shi kwas Jamus. Wata ranar hutu wani malaminsu ya kai shi wani fili mai ciyawa, ya zaunar da shi a cikin jirgi marar inji, irin wanda Larabawa ke ce wa shira'iyya. Dogayen fikafikai ne da shi, da ɗan wurin zama kamar kwale-kwale. Wani ƙaramin jirgi mai inji ne ke jan sa da igiya har sama, sai a saki igiyar, ya rage daga kai sai iska. Baba ya sauko daga wannan tafiya da ciwon da bai warke ba har ya mutu. Kafin kwas ya ƙare ya samu takardar tuƙi. Daga baya ya gano wani ƙaramin fili a ƙasar Urdun da ke arewa da mu, inda ake irin wannan, sai ya zama duk hutun shekara yana ware mako guda ya tafi.

Mutanen unguwa ba su bar shi ya sha ruwa ba. Yana fitowa masallaci sai ka ji, "Ya Kaftin, har yanzu ba a samo injin ba?" Wani ya ce, "Kai da ke gyaran inji, ka rasa wanda za ka sa wa naka?" Shi kuwa dariya yake yi. Ya ce musu, "Shekara guda ina cikin ƙara. A can sama ba ka jin komai sai iska da numfashinka. Ku ba za ku gane ba, ku da ko barci sai da mukayyif mai sanyaya ɗaki yana gurnani."

Ranar Juma'a da yamma yakan kwashe mu a mota zuwa bakin teku a Abhur. Sauran iyaye suna kallon teku, namu yana kallon sama. Sai ya zunguri Umma ya nuna mata shirwa ya ce, "Dubi waccan. Tun da muka zauna ba ta kaɗa fiffike ba. Ta samu iska mai ɗumi tana hawa." Tafin hannunsa na karkata yadda tsuntsuwar ke karkata, bai ma san yana yi ba. Umma takan ce, "To, Allah ya ba ta sa'a. Shayinka ya huce."

Sai Umma ta kamu da ciwon ƙoda. Sau uku a mako ake kai ta wankin ƙoda, aka yi shekara tara a haka. Shekarar farko da hutunsa ya zo, ya ɗauko farar hular da yake tashi da ita, ya duba ta, ya ninke ya mayar cikin akwati. Umma ta yi ta fama da shi. "Ka tafi mana, ya shaikh, mako ɗaya ne. Ga yara." Ya ce, "Wa ya san yadda ake sa miki matashi a mota?" Ni na sani, Yaya ya sani, amma ba mu ce uffan ba. Bai sake zancen ba, ko sau ɗaya, har aka binne ta.

Wata bakwai bayan rasuwar Umma, jalɗa ta same shi, abin da a gida ake cewa shanyewar ɓarin jiki. Ta zo da sauƙi. Baki ya dawo, hannu ya dawo, ƙafar hagu ce ta rage tana ɗan ja. Yana zuwa wurin masu motsa jiki a asibiti sau biyu a mako, a gida kuma yana ɗaura wata roba a ƙafar gado yana ja da ƙafar, yana ƙirgawa da Jamusanci don ya ba mu haushi. Wata rana ya kira ni ya nuna mini wasiƙa. Ya rubuta wa mutanen Urdun, sun amsa cewa suna maraba da shi, amma bayan shekara goma sha ɗaya ba tashi, dole ya kawo takardar likita, sannan ya tashi da malami a bayansa. In malami ya gamsu, za a bar shi ya tashi shi kaɗai.

"Sau ɗaya nake so," in ji shi. "Ni kaɗai, sau ɗaya. Bayan nan halas, shi ke nan."

Ni malamar kwamfuta ce a makarantar 'yan mata, ina zaune da iyalina a saman gidan Baba. Ni na kawo shawarar simuleta, wato shirin kwamfuta da ke nuna maka cikin jirgi da fili da sama, kana riƙe da sanda kana tuƙi kamar gaske. Na ce zai tuna masa abin da hannunsa ya manta kafin ya tafi. Ya yamutsa fuska ya ce wasan yara ne. Na kunna ban kula shi ba. Yana tsaye a bayana da kofin shayi, sai na ji ya ajiye kofin.

"Har da zaren ulu suka sa?"

A gilashin gaban irin wannan jirgi ana manna ɗan guntun zaren ulu. In zaren ya miƙe sak, jirgi na tafiya daidai. In ya karkace, ƙafafunka ba su yi aikinsu ba, domin da feda biyu ake juya wutsiyar jirgin, kuma kowane juyi sai hannu da ƙafa sun tafi tare. Baba ya ga zaren yana rawa a allon kwamfuta, ya ce, "Tashi, ya binti," wato 'yata. Ya zauna a kujerata.

Sandar da na saya ta yi masa, amma babu feda. Ya zagaya haraj, kasuwar gwanjo, kwana biyu bai ga abin da ya gamshe shi ba. A rana ta uku na sauko na tarar ya kwance matakin keken ɗinkin Umma, ya sa zarto ya raba shi biyu. Ya haɗa shi da wayoyin wata tsohuwar sandar wasa, ya sa wa kowane ɓari sifirin mai tauri, yana takawa yana ƙara tauri har sai da ya ce, "Yauwa, haka na gaske yake."

Gwaggo ta shigo ta ga keken a kwance, ta dafe ƙirji. "Kayan marigayiya? Ko shekara biyu ba ta yi ba ka sa wa kekenta zarto? Wallahi kai dai ba ka da ta ido."

Baba bai ɗago ba. "Shekara tara tana cewa in tafi. Yanzu ita za ta kai ni."

"Ta kai ka ina? Falo?"

Suka yi ta yi har ta yafa gyale ta fita, ta yi mako biyu ba ta taka gidan ba. Da ta dawo ta zo da tuwon shinkafa da miyar taushe, ta ajiye a kan teburin kwamfutar da gangan, a kan takardunsa.

Kullum bayan la'asar yake tashi. Sai ya sa farar hular nan, ya zagaya teburin yana taɓa kowace waya kamar mai duba jirgin gaske, ni kuma in kunna masa in zauna a gefe. Ranar farko da ya faɗo, na nuna masa maɓallin da ake dannawa a sake daga farko. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce jirgi mai inji in sauka ba ta yi kyau ba sai ya ƙara wuta ya sake zagayowa, amma marar inji sauka ɗaya gare shi, in ka ɓata ta ka ɓata. Ya ɗauko sukundireba ya ɓalle maɓallin ya jefa a aljihu. Daga ranar ya kafa doka: tashi ɗaya a rana, sauka ɗaya. In ya faɗo, sai gobe.

Hannunsa ya dawo cikin mako guda. Abin sha'awa ne ka ga tsoho yana riƙe sanda da yatsu uku, yana magana da allo. Amma duk juyin da zai yi hagu, sai zaren ya karkace. Ƙafar ba ta iya kai fedar ƙasa. Sai jirgi ya zame, fiffike ya taɓa ƙasa, allo ya yi baƙi. Kwana ɗaya, kwana biyar, mako uku. In ya faɗo sai ya cire hula ya shiga ɗaki. Ba ya cin tuwon dare, ba ya amsa wasan jikokinsa, washegari ya fito da ido ja ya ɗaura robar nan yana ja har ƙafar ta riƙa rawa. Na roƙe shi ya sassauta sifirin ɗin hagu. Ya ce, "In sassauta a nan, wa zai sassauta mini a can?"

Ban iya ganin Baba a haka ba. Ba na neman uzuri, amma wannan mutum ya yi shekara tara bai nemi komai don kansa ba, kuma abu ɗaya da ya nema ga shi kullum yana farfashewa a gabana. Wata rana ya tafi sallar azahar, na sauko na shiga saitin na'urar. Na gaya mata cewa in aka ɗan taɓa fedar hagu, ta ɗauka an taka ta har ƙasa. Ko minti biyu ban yi ba. Na ce a raina kwana biyu ne kawai, ya ɗan ji daɗi ya ci abinci, sai in mayar.

Da la'asar ya juya hagu, zaren ya miƙe sak. Ya sake juyawa, ya miƙe. Ya sauko da jirgin a tsakiyar fili a hankali har ya tsaya. Baba ya daki tebur ya ɗaga murya, "Ta dawo! Ya binti, ƙafar ta dawo! Kira mini Gwaggonki!" Ranar ya ci tuwo har da ƙari, ya ba mu labarin Jamus da muka ji sau ɗari.

To ta yaya zan mayar? Kwana biyu suka zama mako, mako ya zama wata uku. Kullum yana sauka lafiya, kullum yana rubutawa a littafin lissafin tashinsa. Abin da ban yi tunani ba shi ne zai kwance robar daga ƙafar gado. Ya kwance ta, ya daina zuwa asibiti, ya ce an gama gyara, ba a ci gaba da kwance abin da ya gyaru. Na ga haka da idona, na yi shiru. Likita ya sa shi ya taka, ya ɗaga, ya tsaya da ƙafa ɗaya na ɗan lokaci, ya ba shi takarda.

Ni na raka shi Urdun. Filin yana wajen gari, iska mai sanyi, jiragen a jere a ƙasa kowanne ya jingina da fiffike ɗaya. Malamin da zai gwada shi, Baba ya san shi tun yana ɗalibi, yanzu ya yi furfura. Ya rungume Baba kamar baffansa yana cewa, "Ya ammi, wallahi mun yi kewarka." Na ga Baba ya zagaya jirgin yana taɓa komai, ya shiga kujerar gaba, malamin ya shiga ta baya. A lokacin ma ina iya zuwa in faɗa masa. Taku ashirin ne tsakaninmu. Na tsaya ina riƙe da jakarsa, ina roƙon Allah ya sa ƙafar ta isa.

Jirgi mai inji ya ja, suka ɗaga. Da suka fara juyawa hagu, na ga jirgin Baba ya fita daga bayan mai jansa, ya zame gefe, igiya ta karkace. Ya ɗan dawo, ya sake zamewa fiye da na farko. Sai kwatsam ya daidaita, ya bi layi kamar an ja shi da rula. Ban san tuƙi ba, amma na san ba hannun Baba ba ne a kai. Ba su daɗe ba suka sauko.

Baba ya fito ya yi wa malamin godiya. Malamin ya riƙe kafaɗarsa ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ya ammi. Ina ganin ƙafar hagu ce take makara."

Baba ya girgiza kai. "Ba ita ba ce. Na gwada ta wata uku a gida, da sifirin mai nauyin wannan, ko sau ɗaya ba ta gaza ba."

A mota ya ƙarasa mini lissafinsa, a natse, yadda yake yi wa inji. Ya ce in abu ya yi aiki a kan teburin gwaji ya ƙi yi a jikin jirgi, sai ka nemi abin da ya bambanta. Ƙafa ɗaya ce, nauyi ɗaya ne. Abin da ke sama wanda babu a falo shi ne ƙasa tana nesa. "Na taka, ta ƙi tafiya, ta daskare. Da bakina na ce wa yaron nan ya karɓi jirgin. Tsoro ne, ya binti. Babanki ya zama matsoraci bai sani ba."

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai na tuna shugaban nan da ya yi wata guda ba ya yi wa magana, na tuna abin da yake faɗa kan allura mai ƙarya, na ga ni ce allurar. Na ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri, Baba." Abin da na faɗa ke nan.

Shekara biyu ya yi da wannan a ransa. Ya rufe kwamfutar da zanen tebur. Ya daina zuwa Abhur. Ya miƙa wa Yaya makullin mota, ya ce wanda ya daskare a sama zai iya daskarewa a titi. In liman bai zo ba aka ce ya ja salla kamar da, sai ya tura wani. Wata rana mai tamis ya ce masa, "Ya Kaftin," Baba ya ce, "Don Allah ku daina kirana haka." Suka daina, kuma lungun ya yi wani irin shiru. Ƙafar kuwa ta ƙara ja, tun da ba mai motsa ta. Wani lokaci ina zuba masa shayi sai ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ban san yaushe ya shige ni ba." Ni kuma in ce ya sha kafin ya huce. Kullum ina cewa gobe zan faɗa, kullum goben tana ƙara nauyi.

Sai zuciyarsa ta fara ba shi wahala. Ya yi kwana goma a asibiti, likita ya ja ni da Yaya gefe ya gaya mana abin da ba mu so ji ba. Da muka dawo da shi gida, rana ta biyu bayan la'asar, na zauna a ƙasa kusa da gadonsa na gaya masa komai. Ban yi wa maganar ado ba. Na faɗi ranar, na faɗi abin da na taɓa, na ce sifirin ɗinsa daidai yake, na'urar ce na sa ta yi masa ƙarya.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Mayar da ita yadda take."

"Baba, likita ya ce…"

"Yalla. Mayar."

Na yaye zanen, na mayar da saitin. Na tallafe shi zuwa kujera. Bai nemi hula ba, bai zagaya tebur ba. Ya tashi, ya juya hagu, zaren ya karkace. Ya taka da dukkan ƙarfinsa, na ga jijiyar wuyansa ta tashi, fedar ta tsaya a rabi. Jirgin ya zame ya faɗi, allo ya yi baƙi.

Baba ya sunkuya ya dubi ƙafar, ya ɗan mare ta a gwiwa. "Ashe ke ce," in ji shi. Ya fara dariya, dariyar ta koma kuka, irin wanda ban gani ba ko ranar da aka fita da Umma. Da ya lafa ya share fuska ya dube ni.

"Shekara biyu, ya binti. Kullum kina kawo mini shayi."

Na durƙusa a gabansa. Na kama ƙafarsa ina neman gafara. Ya ɗora hannu a kaina ya ce, "Halas, na yafe. Don ki ga na ci tuwo kika yi, na sani. Amma da kin bar ni ina faɗowa a nan, da ban kwance robar nan ba." Sannan ya ce in kawo takarda da biro.

Wasiƙa ce zuwa ga malamin Urdun. Ya faɗa na rubuta. Ya ce malamin ne da gaskiya, ƙafa ce, shi ne ya yi gardama bisa gwajin da ba daidai ba, kuma yana neman afuwa da ya sa ran mutum biyu cikin haɗari. Bai ambaci sunana ba. Na ce bari in tura ta kwamfuta ta isa yau, ya ce a'a, magana irin wannan sai da sa hannu. Ya sa hannu, Yaya ya kai gidan waya.

Kwana tara ya yi bayan nan. Ya ci abinci, ya yi wa Gwaggo tsiya kan gishirin miyarta, ya sa aka buɗe taga. Kullum da safe in na shigo sai ya ce, "Ya amso?" In ce tukuna. Ranar ta tara da hantsi ya tambaya, na ce tukuna, ya ce, "Tayyib," ya juya ya fuskanci alƙibla. Kafin azahar ya cika, Yaya na riƙe da hannunsa.

Amsar ta zo mako guda bayan an tashi daga zaman azza. Gajera ce. Malamin ya ce bai taɓa zaton tsoro ba ne, ko na daƙiƙa ɗaya. Ya ce ya zauna a bayan matsorata da yawa, suna ƙanƙame sanda su ƙi saki har sai an yi musu tsawa. Shi kuwa ammi ya gwada sau biyu, ya ga jirgin ba ya amsa masa, ya ce a karɓa da murya a kwance, kamar mai miƙa kofin shayi. Ya ce tun ranar yake ba ɗalibansa labarin a matsayin yadda matuƙi ke yi, kuma da ya san abin da ammi ya tafi da shi a ransa, da ya rubuto tun tuni.

Mata ba ma shiga maƙabarta a nan, ban ma san wane kabari ne nasa ba. Na ba Yaya wasiƙar ya karanta a tsaye a tsakar gida, ya ninke ya miƙo mini, ya fita. Ba ni da inda zan kai ta, shi ya sa nake kawo muku, ku da kuka san shi a shekara biyun nan kuka ga ya yi sanyi kuka ce tsufa ne. Ba tsufa ba ne, ni ce. Baba bai ji tsoro ba, kuma wanda ya zauna a bayansa ya shaida, sai dai shaidar ta iso babu mai karɓa.

Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa makwanci, ya haɗa shi da Umma a inda babu ciwo. Shi ya yafe mini. Wanda ya karanta wannan, in ya gama yi masa addu'a, ya sa ni a ciki.